Layi Ɗaya Tsakanin Haihuwa da Jariri

Anti Akwati suke ce mata a ofis, don kafin masu rubuta manhaja su taɓa kwamfuta, ita ke tsayawa gaban farin allo ta zana musu tsarin: akwatin majinyaci, akwatin likita, kibiyoyin da bayani zai bi. 'Yar magini ce, ta taso tana ganin babanta ba ya ɗora bulo sai ya ja igiya. Shekara goma sha tara tana wannan aiki, ba a taɓa kama ta da ganganci ba.

Sai aka ba su kwangilar manhajar ɗakin haihuwa na wani asibiti. Ta nemi kwana uku ta je ta zauna da ungozomomi.

Manaja ya yi dariya. "Anti, ke da kika haifi uku? Wa zai koya miki haihuwa? Zana mana kawai, lokaci ya ƙure."

Ta zana akwatin haihuwa, ta zana na jariri, ta haɗa su da layi, ta rubuta ɗaya a kowane gefe, wato kowace haihuwa jariri ɗaya. A kan wannan aka gina komai.

Sati shida da fara aiki da manhajar, wata mata ta haifi tagwaye. Nas ta shigar da na farko: yana da ciwon shawara, a riƙe shi. Ta shigar da na biyu: lafiya lau. Da yake gurbi ɗaya ne, bayanin na biyu ya shafe na farko. Likitan da ya karɓi aiki ya duba kwamfuta, ya sallame su. Bayan kwana huɗu aka dawo da yaron ya yi laushi, bai kai la'asar ba.

Manaja ya rufe ƙofa ya ce, "Mu rubuta kuskuren nas ne."

"Ranka ya daɗe, nas ba ta yi kuskure ba. Abin da na zana aka gina."

Haka ta rubuta, ta sa hannu. Gyaran manhajar bai ci awa ɗaya ba.

Asibitin ya soke kwangilar. Ba a kore ta ba, an dai mayar da teburinta kusa da injin kwafi, aka daina kiran ta taro. A gida mijinta kan ce, "Ki yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare." Ta ce ta sani.

Sau biyu ta je asibitin neman uwar yaron, aka ce doka ta hana ba da adireshi. Lambar katin matar kawai ta sani.