Anti Koma-Asibiti, Wadda Ta Ƙi Karɓar Tsohon Kwali

Kafin sauran shaguna su buɗe, Anti mai kemis ta share ƙofarta, ta goge gilashin kanta, ta fito da bencin da tsofaffi ke hutawa a kai. Haka take tun muna rarrafe. Yanzu ido ya yi rauni, za ta miƙa wa 'yarta makulli. Ladan da ta samu a layinmu kuwa sunan tsiya ne: Koma-Asibiti.

Wani direba a layinmu ya fi kowa sanin nauyin sunan. Likita ya taɓa rubuta wa mahaifiyarsa maganin ƙarfafa ƙashi. Da ya ƙare sai direba ya ɗauki tsohon kwalin ya sayo wani, shekara da shekaru, yana alfaharin Inna ba ta taɓa fashin sha ba. Ran nan ya kawo wa Anti kwalin, ya ce a haɗa masa da man zafi, cinya ta dami Inna.

Anti ta ture kwalin gefe. "Yaushe rabonta da likita?"

"Wanda ya rubuta ma ai ya yi ritaya."

"A ga wani. Maganin nan na da amfani, amma in ya daɗe ba dubawa, wani sa'in ƙashin cinya kan tsage."

"Uwata ce ko taki? Ke likita ce?"

"A'a, ɗana. Shi ya sa nake tura ka wurinsa."

'Yan benci suka kwashe da dariya: "Ta fara!" Ya tsallaka titi ya saya a wani shagon.

Inna ba faɗuwa ta yi ba. Wata rana tana tsaye tana shanya, ta juya, cinyar ta karye.

Da direba ya hango Anti a asibiti riƙe da kwanon abinci, sai ya durƙusa yana gyara takalmin da lafiyarsa ƙalau, yana jiran "ai na faɗa maka".

Ta ce, "Tashi, ɗana. Ka roƙi likitoci su duba ɗaya cinyar ma."

Aka ɗauki hoto, sai ga tsaga ta fara. Aka tare ta kafin ta karye.

Anti, ke ce kika zaɓi zagi a kan ciniki. Garkuwar tsofaffi, mun gode, ki yafe wa 'yan benci. Masu kemis, ku yi koyi da ita. Masu yawo da tsohon kwali, ku kai iyayenku a sake duba su.

Inna na takawa da sanda har bencinki yanzu. Direba kan rako ta, amma har yau ƙasa yake kallo in zai gaishe ki.