Ragon Safara'u a Baje Koli

Safara'u 'yar Malam Sha'aban ce, na wani ƙauye a bayan Bici, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyaka sai da layin lalle ko gamba. Yarinya ce marar yawan magana, irin wadda za ta shigo gidanki ta share miki tsakar gida ta fita ba ki ji motsinta ba. Tana aji biyu na babbar sakandare lokacin da abin nan ya faru.

Tana da wani rago da uwarsa ta mutu wajen haihuwarsa. Kowa ya ce ba zai yi rai ba. Safara'u ta aro fida, kwalbar shayar da jarirai, a maƙwabta, tana ba shi nonon akuya, tana kwantar da shi a tsohon kwando kusa da murhu. Allah cikin ikonsa ya tashe shi. Ya fito fari tas, dogo, kunnuwansa har suna taɓa wuya, shi ya sa yara suka sa masa suna Kunnuwa. Harawa da ƙowa take ba shi, dusa kuwa sai ɗan cikin tafi, yadda Malam Tasi'u, malaminsu na aikin gona, ya koya musu. In ta tafi makaranta ya dinga kuka a turke ke nan, har Inna, mahaifiyarta, ta ce, “Wannan ɗan naki zai hana mu jin kiran salla.”

Malam Tasi'u ne ya zo ya roƙi mahaifinta a bar ta ta kai ragon baje kolin noma da kiwo na jiha a Kano. Ya ce ɗaliban da suka je za su yi aikin sa kai, su ɗebi ruwa su share rumfuna, su kuma shigar da dabbobinsu gasa. Malam Sha'aban ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce to, amma 'ya mace ba ta tafiya ita kaɗai. Ƙaninsa Nababa zai raka ta.

Baffa Nababa dillalin tumaki ne, ya ci kasuwanni tun ba a haifi Safara'u ba. Mutum ne mai raha da son zumunci. A bayan akori-kura ya rungume ragon tun daga ƙauye har birni don kada ya bugu da ƙarfe.

“Safare,” ya ce, “in ragon nan bai ci na ɗaya ba, a aske min gemu a sayar a kasuwar Wambai.”

“Wa zai saya, Baffa?”

“Ke dai ki yi addu'a, 'yar nema.”

Filin ya cika da abin da ba ta taɓa gani ba: shanun da aka ce daga ƙasar waje irinsu yake, injin casar shinkafa, kabewar da sai mutum biyu ke ɗauka. Aka ba ta koriyar riga ta ɗora a kan hijabi, aka haɗa ta da rumfar shanu, can nesa da inda aka ɗaure tumaki. Ta yi aikin kamar na gidansu. Wani Bafulatani ma ya ce ita kaɗai ke wanke kwamin ruwa kafin ta zuba sabo. Hankalinta dai na wajen la'asar ɗin kashegari, lokacin da za ta riƙe igiyar Kunnuwa ta zagaya da shi gaban alƙalai.

Da safiyar ranar, bayan ta tafi aikinta, Baffa Nababa ya zagaya ya duba ragunan mutane. Ya dawo ya dubi nasu, ya ga tafiyar mota ta sa cikinsa ya ɗan faɗa. Sai ya yi abin da ya saba yi ranar kasuwa. Ya sayo dusa, ya haɗa da jiƙaƙƙiyar dawa, ya barbaɗa gishiri da kanwa, don ragon ya ci ya sha ruwa ya cika ido. A ganinsa 'yar ɗan'uwansa ce, dole ya yi mata gata, sai ya cika daro. Kunnuwa bai saba da hatsi haka ba, ga yunwar hanya. Ya cinye tas.

Bayan azahar Safara'u ta zo da soso da bokiti za ta wanke shi. Tun daga nesa ta ga bai ɗago kai ba. Ba ya tuƙa, ya buɗe ƙafafu, gefen cikinsa na hagu ya tashi kamar ganga.

“Baffa, me ya ci?”

“Ɗan ƙarin kumallo ne na ba shi. Ai cika ce, kin ga yadda ya yi kyau?”

Ta ga daron a jingine, ta sa yatsa ta lakato abin da ya rage a gindinsa. Ta yar da bokitin ta ruga neman likitan dabbobi. Aka ce yana wajen manyan baƙi. Kafin ta ratsa taron ta same shi su dawo, ragon ya kwanta. Baffa ya ɗura masa man gyaɗa, yana shafa cikin yana kiran sunan Allah, hularsa a ƙasa bai ma sani ba. Likita ya zura roba ta baki, ya yi allura, ya saurari ƙirjin. Can sai ya miƙe yana goge hannu.

“Ya yi nisa, 'yata. Sai dai haƙuri.”

Mutane sun taru. Wani dattijo ya ce, “A yanka shi, kada ya zama mushe.” Wani ya miƙo wuƙa. Baffa Nababa ya karɓa, amma ya kasa sunkuyawa. Mutumin da ya yanka dabbobin da shi kansa bai san yawansu ba, ga shi tsaye da wuƙa yana kallon Safara'u.

“Safare, naki ne,” ya ce. “Ba zan taɓa shi ba sai kin ce.”

A daidai lokacin lasifika ta fara kiran masu raguna su fito fili. Safara'u tana durƙushe, kan ragon a cinyarta, numfashinsa na fita da ƙyar. Malam Tasi'u ya matso ya ce ta tashi, ba sai ta gani ba. Ta girgiza kai. Da hannunta ta juya shi ya fuskanci alƙibla, ta dafe ƙafafun.

“Yi bisimilla, Baffa.”

Naman bai je gida ba. Ta ce a raba wa masu gadi da masu shara. Malam Tasi'u ya ce zai samo mota ta koma ƙauye a ranar, ta ce ai ba a tashi baje kolin ba, kuma shanun can ba su da mai ba su ruwa. Haka ta ƙarasa kwanakin, tana ɗaukar jarka ido a kumbure, tana bi ta bayan rumfuna don kada ta wuce ta gaban tumaki.

Da suka dawo, Malam Sha'aban ya ce kwanan ragon ne ya ƙare, Allah Ya mayar da alheri. Ta ce amin. Ba wanda ya taɓa jin ta ɗora wa Baffanta laifi, ko a wajen Inna. Shi ne ya kasa yafe wa kansa. Ya daina zuwa cin tuwo a zauren yayansa, raha ta ƙare masa. Bayan girbi ya aiko da 'yar tunkiya mai kyau, ta yi godiya, ta kai wa ƙanwarta igiyar.

Yanzu ta gama sakandare, tana koyar da ƙananan yara a Islamiyya. Kullum hanyarta ta ƙofar gidan Baffa Nababa take bi. Takan durƙusa ta ce, “Baffa, ina kwana?” Yakan amsa, “Lafiya lau, Safara'u,” idonsa na kan tabarma, har ta miƙe ta wuce.