Kujerar Baya a Jirgin Usta

Jirgin bai taɓa tashi ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya zauna jiran jin ya tashi. Ba wannan ne ke ci mini rai ba, don tun ranar da na fara ganinsa na san kajin gidanmu sun fi shi sanin sama.

Wanda ya ƙera shi ɗan ƙanen mahaifina ne, makanikin injinan ban-ruwa a ƙauyenmu da ke bakin kogi, kusa da Mai Wurno. Usta ake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai riƙe sifana a ƙasar nan. Yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Amma wata shekara ya je gyara a gonakin auduga na Jazira, ya tarar da mushen jirgin feshin auduga an yar a bayan wani sito, ya kwaso fikafikan ya ɗoro a mota. Ya samo injin tsohuwar mota, ya haɗa gangar jiki da bututun ruwa, ya kafa kujeru biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Sai ya ce zai zagaya duniya. Mutumin da ko a garin Rusairis da ke bakin kogin nan namu bai taɓa kwana ba.

Ya aro ƙwallon taswirar duniya wajen wani malamin makaranta, yana auna hanya da zaren ɗinki, nawa ma kuwa, don ni ce telar gidan. Duk inda zai sauka shan mai sai ya ƙulla zaren. Zai yi gabas, ya bi ta Makka, ya wuce Indiya, ya ƙetare manyan tekuna biyu, ya ɓullo ta yamma, ya sauka Sakkwato, sannan gida. Da farko dariya ake yi masa har a masallaci. Na so a ce an ci gaba da yi.

Sunan Sakkwato ne ya kama Baba. Kakansa daga can ya taso da ƙafa, shi kuwa bai taɓa ganin garin ba, sai labari. Baba mai agashe ne, ya tsufa yana gasa nama da yaji a tashar Sinnar, kuma jikinsa ya shaida sana'arsa. Ƙato ne, in ya zauna kan gadon igiya sai ya yi ƙara. Mutum ne da in ya yi magana a ƙauyen ba a mayar masa. Wata ranar ya tsaya a rumfar Usta, ya daɗe yana kallon ƙullin ƙarshe na zaren, ya ce, "Yaro, kujerag ga ta baya ta wa ce?"

Usta ya ce, "Taka ce, Baffa, in ka so. Illa dai jirgi, ɗayyara, ba ta son nauyi."

Ya faɗi kilo saba'in, iyakar abin da kujerar za ta ɗauka. Baba a lokacin ya haura ɗari.

Daga ranar dariya ta mutu. Wa zai yi wa jirgi dariya alhali Baba na zaune a inuwarsa? Sai ga waɗanda jiya suke kiran Usta mahaukaci sun shimfiɗa tabarmi a rumfar, ana ta zuba shayi, ana gardamar ko a Indiya za a sami man jirgi mai kyau. Manoman albasa ne fa, da masu kamun kifi, wasunsu ko tsani ba sa iya hawa. Kowa ya zama masanin iska. Ban taɓa raina taron maza kamar yadda na raina wancan ba.

Baba kuwa da gaske yake. Ya bar nama. Mai agashe ya bar nama, yana gasa wa mutane yana haɗiyar yawu. Ya bar sukari a shayi, ya bar tuwon dare, wainar kisira da yake cin biyar ya koma ɗaya da ruwan miya. Ni nake kai masa kwano, ni nake ɗauko shi kusan yadda na kai. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya hau sikelin albasa da Usta ya ajiye a rumfar, a tura ƙarfen awo, a yi shela, a rubuta da alli a bango kamar ana awon buhu. Fatar wuyansa ta saki, ya fara riƙe bango in zai miƙe. Jallabiyoyinsa suka koma kamar na aro.

Na ce, "Baba, kawo in rage maka su."

Ya ce, "A'a, ɗiyata, bar su. In munka dawo ni cika su. An ce naman Sakkwato ya hi namu."

Haka muka ci wata tara.

Wata Laraba da hantsi fedar keken ɗinkina ta karye, na ɗauka na kai wa Usta ya yi mini walda. Rumfar ba kowa sai shi. Ya yaye tamfol ɗin da yake rufe jirgin da shi yana aiki, bai ji zuwana ba. Kujerar baya tana jingine da bango, an ɗora mata gwangwanin giris. A gurbinta an dasa wani tankin ƙarfe, an yi masa walda ta ko'ina, har fenti ya sha, fentin ma ya yi ƙura. Ba aikin jiya ba ne.

Na ce, "Yaya, ina Baba zai zauna?"

Ya goge hannu ya fara yi mini karatu, wai tekun da ke bayan Indiya ya fi sauran faɗi, zaren ya yi tsawo babu ƙulli, dole a ƙara mai, mai kuwa ba shi da wurin zama sai nan.

"Yaushe ka san haka?"

"Tun damina."

"Tun damina, kana kallon tsoho na hawa sikeli?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ke ba ki ganewa. In Baffa ya tashi daga nan, khalas, shi ke nan, dariya za a koma yi min. Ki bari in samu lokacin da ya dace."

Da ma ya ce ya manta, ko ya ce kunya ta hana shi, da na sami abin riƙewa. Amma ya auna abin sarai, kamar yadda yake auna komai. Mahaifina ya zama masa laima. Na tsane shi a wannan safiya, kuma ban ce na daina ba. Na ce masa ya faɗa kafin Juma'a, in bai faɗa ba ni zan faɗa. Na ɗauki fedata ba a gyara ba.

Bai faɗa ba. Ranar Juma'a ina tsakar gida na ji hayaniya daga rumfar, ana ta taya murna, mabruk, mabruk. Baba ya kai saba'in cif. Ya shigo yana murmushi, yana haki, ya zauna kan gadon nan, gadon ko motsi bai yi ba. Na durƙusa na gaya masa abin da na gani, ban rage komai ba.

Ya sa takalmi ya koma, na yafa mayafi na bi shi. Mutane ba su watse ba. Da sandarsa ya ɗage tamfol ɗin, ya kalli tankin, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu.

"Yaro, in an cika wanga da man banzin, kilo nawa ya ka yi?"

Usta ya yi ta 'yan kame-kame, daga baya ya ce zai haura ɗari da kaɗan.

Baba ya gyaɗa kai. "Ashe da ƙibata ma ɗayyarar ta iya ɗaukata."

Masanan iska duk suka shiga neman takalmansu. Babu wanda ya ce wa Usta ka yi laifi, babu wanda ya ce wa Baba sannu.

Da la'asar na aika aka sayo nama mai kitse, na gasa da yajinsa na kansa, na kai masa da zafi. Ya ci yanka biyu, ya tsaya, ya ce cikinsa ya ƙi. Na ce a hankali zai dawo. Ya tashi, ya dafa bango, ya shiga ɗaki, ya fito da jallabiyoyinsa duka a ninke, har da ta Idi, ya ajiye mini kan keke.

Ya ce, "Rage su, ɗiyata."