Tsintsiya, Na Taɓa Fayil Ɗinki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce kin rasu. Na ce masa to. Na ajiye wayar, na ƙarasa shan shayina, don ban san me kuma ake yi ba.

Ni na ɗauke ki aiki a ɗan ofishinmu na rubuta manhajar mitar ruwa. Kin tarar da mu kowa sarki ne a fayil ɗinsa. Mukan raɗa wa nau'in lamba laƙabi, mu ce Awo, amma Awon wannan ma'aikacin ƙaramar lamba ce, na wancan babba. Ranar haɗa aiki sai kwamfaila, manhajar da ke ɗinke rubuce-rubucenmu wuri guda, ta yi ta ƙorafi kamar akuyar da aka ɗaure a rana.

Kika ce, "Baba, da kakarku take muku tatsuniya, in ta ce kura, kowa da tasa kurar?"

Na ce, "Kura ɗaya ce, 'yar nan."

"To, Awo ma ɗaya ne."

Kika tattara laƙabin nan kaf cikin fayil guda, sauran fayiloli suna ɗiba daga can. Daga nan muka sa miki suna Tsintsiya. Wata al'ada kuma ta tsiro: ba mai canza layi a ciki sai ya ɗaga murya, "Yaya, in taɓa?" Ke kuma ki ce, "Wanke hannu tukuna," sannan ki jawo kujera ki zauna da mutum har ya gane, ko da abincinki na hucewa.

Jiya masu mitocin da muke wa aiki suka aiko: lambobin sababbin mitocinsu sun fi ƙarfin Awo, in ba a faɗaɗa shi ba lissafin ruwan unguwanni zai rikice. Layi ɗaya ne a fayil ɗinki. Kowa ya san layin, kowa ya zuba wa allonsa ido. Gyalenki na nan rataye a bayan kujera, fanka tana kaɗa shi.

Da yake ni ne babba, na wanke hannu, na dubi kujerar na ce, "Yaya, in taɓa?" Ba wanda ya yi dariya. Na canza layin, na sa a haɗa.

Komai ya haɗu lafiya, ko kuskure ɗaya babu. Wallahi na so kwamfailar ta yi ƙorafi, ko ita ta nuna ta san ba kya nan. Amma ke kika tsara abin yadda zai tafi ko babu ke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya tattara ki da mutanen kirki. Ga mijinki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki, Allah Ya ba ku haƙuri, mu ma Ya sa mu cika da imani. Gyalen zan kawo muku, in na iya ɗaga shi.