Ranar da Asabe ta faɗi sunan ɗanta na fari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 14 ga Nuwamba 2006, ina kasuwar Konni aka zo da labari daga Dogarawa cewa ƙanwata Asabe ta rasu. Ni Alhasan ban yi lakwal ba, wato boko, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Asabe, na tuna lokacin da gonar babanmu ke cika rumbu biyu, kina kawo mana fura a kai, kina ajiye mini mai kauri. Na tuna ranar da kika yaye ɗanki na fari, Mato, aka kawo shi gidana riƙo. Tun daga ranar ba ki sake kiran sunansa ba, sai "yaron gidan Yaya". In an tambaye ki 'ya'ya nawa, sai ki ƙirga ki tsallake shi. Kunya irin ta matan da, wadda yanzu sai labari.

Ciwon ido na zuriyarmu kowa ya san shi. Yaro zai fara da dundumi, in ya kai aure ganinsa ya tafi. Ya kama Mato. Ke kika riƙa aiko masa da hanta duk ranar kasuwa, kina cewa sadaka ce.

Sai ga Dokta Mahfuz daga Yamai, wai zai nemo inda ciwon ya ɓuya a jininmu. Ya ce kamar neman saniyar da ta ɓace ne: a duba abin da makafi suka yi tarayya a kai wanda masu gani ba su da shi, a yi ta matsewa daga ƙasa zuwa gari, daga gari zuwa unguwa. Ni ban yarda ba. Ke kika bi dangi gida-gida har Illela, kina lallashi, mai gani da makaho kowa ya miƙa hannu aka ɗibi jininsa. Ya zana mu a takarda, maza murabba'i, mata da'ira. Ya tambaye ni, "Mato ɗanka ne?" Na ce ɗana ne. Har gobe haka zan ce.

Bayan damina ya dawo fuska ba walwala. Ya ja ni gefe yana in-ina, wai lissafi ya ƙi fita, jinin Mato bai bi nawa yadda na ɗa ke bin na uba ba. Ashe tsakar gida an ji. Ga matata Kubra zaune, ke ma kina nan, mata sun fara kallon juna kamar suna zargin ta. Na ce, "Kai yaro, wa ya ciyar da shi, ni ko injinka?" Na rantse ba zan ƙara masa bayani ba.

Sai kika miƙe, kika ja mayafi, kika ce, "Likita, gyara zanenka. Mato ni na haife shi." Mato ya juya kansa wajen muryarki.

Likita ya goge layin da ya haɗa Mato da ni, ya mayar da shi ƙarƙashinki. Daga baya ya aiko cewa ya gano unguwar, saura gidan, kuma yanzu yana iya faɗa wa masu auren zumunci wa ke ɗauke da ciwon. To madalla. Amma layin nan da ya goge a gabana, ko izini bai nema ba, ban yafe masa ba. Ke ma na yi wata biyu ban taka ƙofarki ba, kina aiko da fura ina sha ina fushi.

Allah Ya jiƙan ki, Asabe. Ya yalwata kabarinki, Ya cika shi da haske, Ya haɗa ki da iyayenmu a Aljanna. Ina yi wa mijinki Malam Baƙo ta'aziyya, da dangi na Dogarawa da Illela da Konni.

Sai 'ya'yanki. Mai rubutu ya fara da Salisu, na ce ya dakata. Ya fara da babbansu, Mato ɗan Asabe, sannan Salisu, da Hindu, da Nana. Allah Ya ba su haƙuri. Amin.