Wutar Cikin Rana da Maƙerar Baba

Muna idar da sallar asuba muka fito daga Zariya, ni da maigidana, muka shiga motar Jos. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin karatu, kuma saura sati biyu in ba su amsa. Da na gaya wa Baba a waya cewa karatun nukiliya ne, sai ya ce, "To, Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Duk wanda ya san mahaifina ya san a'a ke nan. Ni kuwa ba zan taka jirgi ba da amincewarsa ba.

Daga Pambeguwa hanya ta fara gwada mana hali. Direbanmu ya san kowane rami kamar shi ya haƙa, sai dai saninsa bai hana shi faɗawa ciki ba. A Saminaka muka sayi gasasshiyar masara, uku ɗari biyar. Maigidana ya ce ba ya jin yunwa, ya cinye biyu. Muna wuce Jengre aka fara hawa, duwatsu suka fito jere, iska ta sauya, kowa ya shiga laluben rigar sanyi.

A Terminus, tsakiyar garin Jos, muka sauka ana yayyafi. Kabeji da karas da dankalin turawa tuli-tuli a bakin titi, mai keke yana ta "Oga, ina za ku?" Shi ya kai mu Tudun Wada, unguwar su Baba.

Baba maƙeri ne, kamar kakanmu da ya zo Jos yana ƙera wa masu haƙar kuza diga. Ranar ban ɗauko maganar ba, don ba a sauke wa tsoho kaya da ƙurar hanya. Aka ci tuwo, aka yi ta hirar dangi.

Washegari gari ya washe. Baba ya fito da kujerarsa jikin bangon maƙera yana shan hantsi, kamar yadda tsofaffin unguwar suke yi in sanyi ya matsa. Na durƙusa na gaishe shi. Mamana yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

"Mamana, wannan abu da za ki koyo, a ina ake yin sa?"

Na nuna masa ranar da yake sha. Na ce can tsakiyarta ake yi, haka ma cikin sauran taurari. Akwai ƙwayoyi ƙanana na wata iska, haidurojin, waɗanda ba sa yarda su kusanci juna. Amma zafin wurin ya kai digiri miliyan goma sha biyar, ga nauyin ranar kanta ya danne su, sai dole su haɗe su zama wata iskar daban. Ɗan nauyin da ya ragu wajen haɗuwar shi ke zama haske da ɗumin da ke dukan bayansa. Masana na ƙoƙarin yin irinsa a duniya don a sami lantarki, amma babu tukunyar da za ta jure zafin, sai da maganaɗisu ake riƙe wutar a tsakiyar inji.

Na zaci zai ruɗe. Sai ya gyaɗa kai. "Zafi da danniya. Ƙarfe biyu ma ba sa haɗuwa sai an zuga sun yi fari, an bi su da dukan masaba. Zafi kaɗai ba ya yi."

Wallahi ɗaliban da nake koyarwa sukan yi wata guda ba su kama wannan ba.

Sannan ya ce, "Ana yin makami da shi?"

Na san dalilin tambayar. Lokacin da garin nan ya rikice, mutane sun yi ta zuwa ya ƙera musu adduna. Ya ƙi, ya kashe wutar maƙera wata da watanni, muka sha wuya a gida. Da na ce a'a, da magana ta ƙare cikin sauƙi, kuma na so in ce.

"Ana yi, Baba. Bam mafi muni a duniya da irin wannan haɗuwar ake yin sa. Ba shi zan koyo ba, amma ilimin ɗaya ne."

Ya ce, "Na sani, na ji a rediyo. Da kin ɓoye mini, da ba inda za ki." Ya gyara zama. "Wata rana masu son makamin za su zo miki, da fara'a za su zo. Ki shirya amsarki tun daga nan gida. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Kuka na yi, ba kunya.

Kwana biyu muka ƙara, muka juyo da buhun dankali. Mun iso Zariya bayan la'asar, na aika wa jami'ar amsa kafin in cire mayafi. Na tafi Jos da shirin yi wa tsoho bayanin yadda rana ke ci, ashe wannan ne mai sauƙin. Abin da ya so ya sani shi ne ko 'yarsa za ta iya faɗin gaskiya a lokacin da gaskiyar za ta iya hana ta abin da take so, kuma saura ƙiris in faɗi jarrabawar.