Jar Fitila Uku a Akwatin Malam Isiyaku

Ranar Laraba, saura kwana uku a kama azumin bana, ina zaune a shagona na gyaran rediyo da fanka a Tudun Wada aka kira ni a waya. Aka ce Malam Isiyaku ya faɗi a gaban allo yana cikin koyarwa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da mutumin nan a zuciya. Na sha raya wa kaina cewa ranar da zan ji mutuwarsa, ko dai in ji sanyi ko in ji nadama. Ban ji ko ɗaya ba. Tsoro na ji. Na yi innalillahi a gurguje, na bar shago a buɗe, na nufi gida. Ba gidan mamaci ba, gidana. Akwai wani akwatin ƙarfe a jikin bangon ɗakin matata, shi na tafi dubawa.

Matata Binta ta shekara huɗu ba ta iya numfashi sosai sai da injin da ke tace mata iska. Injin kuwa da wuta yake aiki, kowa kuma ya san halin wuta a unguwarmu. Akwatin nan Isiyaku ne ya haɗa shi. In an ɗauke wuta, kafin Binta ta ja numfashi biyu ya mayar da injin kan batir. In batir ya yi ƙasa, ya kashe fanka da firji ya bar wa injin abin da ya rage. In ya ƙara ƙasa, ya tayar da janareta da kansa. Duk wannan wata 'yar baƙar na'ura ce ke yi, wadda masu gyara muke kira aisi, mai ƙafafu ashirin da takwas, wadda tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. A cikinta Isiyaku ya zuba umarnin da ya rubuta. Da na shiga ɗakin ranar nan, koriyar fitilar akwatin tana ƙiftawa kamar kullum. Na tsaya ina kallonta, ina tunanin mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da ke cikinta, shi ma ga shi ana shirin yi masa wanka.

Ya kamata in faɗi abin da ya shiga tsakaninmu, don waɗanda suka ga na kasa tsayuwa a maƙabarta kada su ɗauka amincin shekara arba'in ne ya karya ni.

Tare muka yi jami'a, a sashen lantarki. Ni ne na ɗaya a ajinmu, kuma ban taɓa ɓoye wannan ba. A lokacin ba a fara koyar da irin wannan aisi da ake rubuta wa umarni ba. Ƙananan ƙofofi muke haɗawa, waɗanda ba su san komai ba sai sifili da ɗaya, wannan ta buɗe in waccan ta rufe, har a sami abin da ake so. A shekarar ƙarshe aka haɗa ni da Isiyaku aikin kammalawa. Muka yi na'urar da ke sauya wuta daga layi zuwa janareta ba tare da hannun mutum ba. Ni na zana ta, tun daga layin farko har na ƙarshe. Isiyaku dalma ya riƙe, yana liƙa wayoyi. Ranar jarrabawa, baƙon malamin da ya zo duba aikin ya ɗaga takardar ya ce, wa ya yi wannan tunani? Ni na yi shiru don kunya, ina jiran abokina ya nuna ni. Isiyaku ya ce, "Tare muka yi, ranka ya daɗe." Aka raba mana maki daidai. Gurbi ɗaya ne na wanda za a riƙe ya koyar, shi kuma ya fi ni iya magana a gaban manya. Shi aka ɗauka. Ni na tafi masaƙa, na yi shekara goma sha bakwai ina gyaran injuna, masaƙa ta rufe, na dawo Tudun Wada ina buɗe cikin rediyon mutane.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, ba kuma zan rage masa abin da yake nasa ba. Malami ne na gaske. Ɗalibansa sun cika ƙofar gidansa a Gyallesu ranar uku, wasu da furfura. Kowa ka tambaya abu ɗaya zai gaya maka: Malam ba ya barin ɗalibi ya taɓa kwamfuta sai ya rubuta umarninsa da biro a littafi, layi bayan layi, ya bi shi da yatsa yana faɗin abin da aisi za ta yi a kowane mataki. Yakan ce, "Abin da hannunka bai rubuta ba, kanka bai sani ba." In ɗalibi ya zo yana kukan na'ura ta ƙi, sai ya ce, "Aisi ba ta da wayo, biyayya gare ta. Abin da ka gaya mata ta yi, je ka duba me ka gaya mata." Na ji an ce ya taɓa kayar da ɗan abokinsa sau biyu a kan kwafe, ya kuma zauna da shi duk hutun zango yana koya masa har ya ci. Saboda masu kwafen nan ne ya ɗauki wata ɗabi'a: duk aisin da ya zuba wa umarni sai ya kulle ta, yadda ba mai iya karanto abin da ke ciki.

Duk shekarun nan bai daina zuwa shagona ba, ni kuma ban daina haɗe masa rai ba. Sai ya faka tsohuwar motarsa, ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Na-ɗaya, yau rediyon wa ake kashewa?"

"Na waɗanda ba su iya magana a gaban manya ba."

Sai ya yi dariya ya ɗauki mitar da nake auna wuta da ita yana jujjuyawa. "Lawal, ka zo ranar Asabar in nuna maka sababbin nan. Mako biyu ya ishe ka. Kai da ka haɗa ƙofa sittin da ka, me aisi ɗaya za ta yi maka?"

"Ka koya wa 'ya'yan mutane. Ni na gama makaranta."

Da ciwon Binta ya tsananta, ban roƙe shi ba. Wata rana da azahar aka ɗauke wuta ina shago, da na dawo gida na iske ta a ƙasa, leɓɓanta sun yi baƙi, tana ƙoƙarin isa ga makunnin batir. Ban san wa ya gaya masa ba. Bayan mako uku ya zo da akwatin a kujerar baya. Yana ɗaura shi a bango yana tsokanarta: "Amarya, na kawo miki mai gadi wanda ba ya gyangyaɗi, ba kamar mijinki ba." Ta ce, "Malam, amaryar da ta aurar da 'ya'ya biyar?" Ya ce ai shi tun ranar ɗaurin aure bai sake mata suna ba. Ni ina tsaye a ƙofa. Na leƙa cikin akwatin sau ɗaya, na gane tsarin, na ce a raina ya sace shi karo na biyu. Ban yi masa godiya ba. Shekara guda ya yi yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, yana saurarar janaretana mai tari, yana cire aisi ya gyara umarni ya mayar, har abin ya zauna daidai.

Bara da damina ya zo mini da wani littafi mai baƙin bango, irin na ɗalibai, cike da rubutun hannunsa.

"Riƙe wannan. Duk abin da ke cikin akwatin yana nan, da Hausa na yi maka bayanin. Kwamfutata ta..."

"Na ce maka na gama makaranta."

"Ba don kai ba, don Amarya. Mutum yau ne, gobe ba shi."

"To ajiye."

Ya ajiye a kan tabarma ya tafi. A ranar teburin katakon da batira ke kai yana rawa, ɗaya daga cikinsu ya karkace. Na ɗauki littafin ban buɗe ba, na kifa shi, na cusa a ƙarƙashin batirin. Ya zauna daram. Har na ji daɗin abin a raina, na ce ga amfanin ilimin jami'a.

Kwana tara bayan rasuwarsa, muna cikin azumi, da la'asar sakaliya aka ɗauke wuta. Akwatin ya yi ƙarar da ya saba, amma injin bai tashi nan take ba. Na ga Binta ta kama gefen gado. Na ƙirga numfashinta, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sannan injin ya kama. Da na ɗaga kai, koriyar fitilar ta mutu. Ja ce ke ƙiftawa: sau uku, ta yi shiru, sau uku, ta yi shiru. Shekara huɗu ban taɓa ganin ja ba. Binta ta ce, "Malam Lawal, me take cewa?" Na ce ba komai. Ta dube ni ta ce, "Kai ma ba ka sani ba." Na ɗauko mita. Na auna batira, lafiya. Na auna wayoyi, lafiya. Na tsaya a gaban 'yar baƙar aisin nan da mita a hannu, ni da na yi na ɗaya, kamar wanda bai taɓa shiga aji ba.

Washegari na nemo Malama Rifkatu, 'yar Wusasa, wadda ɗalibarsa ce kafin ta zama abokiyar aikinsa. Ta zo da kwamfutarta da 'yan wayoyi, ta gaishe da Binta har ƙasa, ta jona, ta daɗe tana kallo.

"Baba, a kulle take. Halin Malam ke nan. Ba a karanta ta, sai dai a goge a rubuta sabo."

"To a ofis ɗinsa fa?"

"Na duba. Tsohuwar kwamfutarsa ta ƙone bara da damina, komai ya tafi. Amma kada ka damu, Baba. Malam bai taɓa haɗa ko fitilar wasa ba sai da littafi. A shafin ƙarshe yake jera ma'anar fitilu, ja ɗaya kaza, ja biyu kaza. In muka sami littafin, yau ɗin nan za mu san abin da take faɗi. Ko yana wurin iyalinsa?"

Na ce mata ta taya ni ɗaga batir.

Batiran nan masu ruwa ne, ni nake ƙara musu, kuma hannuna ya fara rawa, nakan cika har ya zuba. Wata takwas ruwan batir yana tsiyaya a kan littafin. Da muka ɗaga, abin da muka tarar ya yi kama da jiƙaƙƙiyar toka. Na taɓa, ya narke a yatsana. Rabin shafin farko kaɗai ya tsira, shi ma don na kifa littafin ne. Rifkatu ta ɗauke shi a hankali ta karanta a fili, don ba ta san me ke ciki ba: "Lawal, tsarin nan naka ne, na shekarar ƙarshe. Ni dai na mayar da shi harshen aisi. Da ma na faɗa tun ranar da aka tambaya. In ka fara daga shafi na uku za ka ga..." Daga nan babu.

Rifkatu ta miƙo mini rabin shafin. Ta ce za ta haɗa sabo, amma sai bayan salla, kuma ko ta gama sai an daɗe ana gwadawa kafin ya san halin janaretana yadda wannan ya sani. Ta ce ja uku yana iya zama ƙaramin abu, yana iya zama makunnin ciki ne ke gab da ƙarewa. Ba ta sani ba. Ta ce kada in yi nisa.

Ban yi nisa ba. Shagon yana rufe. A ɗakin nake salla, kusa da makunnin hannu, in na yi sujada kunnena yana kan ƙarar injin. Jiya ya ɗauki numfashi bakwai kafin ya kama. Binta ta daina tambayata. Takan ce, "Da Malam yana nan da ya ce ka je ka duba me ka gaya mata," sai ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, har da na ranar jarrabawar nan, wanda ni na kasa yafewa yana raye. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ilimin da ya bari a hannun ɗalibansa ya riƙa binsa da lada. Allah ya ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashi, ya tsare musu bayansa, ya haɗa kansu. Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi wa mamaci addu'a, ya sa Binta a ciki.

Shafi casa'in da shida ne littafin, mutumin ya zauna ya rubuta mini su da hannunsa. Rabin shafi ya rage. Fitilar tana nan tana ƙifta ja sau uku, wanda ya san ma'anarta kuma mun binne shi ranar Laraba.